Wanda ya sa na hana ɗiyata ruwa, yau shi ke roƙona ruwa

Ina gaishe ku, mai shafi da masu karatu, Musulmi da Kirista. A ɓoye sunana. Ni tsoho ne, manomi daga wani ƙauye a ƙasar Korgom, karatuna bai wuce na Littafi Mai Tsarki ba. Don Allah ku ji ni har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci.

A shekarar babban fari, zamanin soja, lokacin da muke cin jar dawar taimako, ɗiyata ta fari, bari in kira ta Rifkatu, ta yi gyambo a ƙafa har ya kai ga ƙashi. Ko maye haƙori ba ta gama ba. Muka ɗora ta a amalanke zuwa wani gidan likita, aka kwantar da ita, ana ɗura mata maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, mako ya bi mako. Rannan majo, wato babban malamin jinyar wurin, ya ce a dakata haka nan, fitsarinta ya ragu, a yi ta ba ta ruwa, mu dawo ya sake dubawa. Ni kuwa ina ganin gyambo bai rufe ba. A nan Tanko ya shigo. Tanko aminina ne, tare aka yi mana baftisma, shara yake yi a gidan likitan, amma ya iya neman jijiya har mutane na ce mishi ƙaramin majo. Ya ja ni gefe ya ce maganin ake ɓoye wa 'ya'yan masu kaki, in kawo yarinyar zaurensa zai ci gaba da yi mata. A wancan zamani wa ya isa ya je ya tambayi ma'aikacin gwamnati dalili? Na yarda. Ya kuma ja mini kunne da abin da kowa ke faɗa a ƙauyenmu, cewa mai karɓar allura ba ya shan ruwa da yawa, ruwa na wanke magani ya fita da fitsari.

Ni na rataye goran ruwa a inda hannunta ba ya kai. Da fitsarin ya ɗauke, Tanko ya yi dariya ya ce to yanzu magani ya zauna. Da fuskarta da ƙafafunta suka kumbura, ya ce ƙiba ce, lafiya ta fara shiga. Ƙiba a shekarar da jakuna ke cin shingen gida? Ina hankalina ya tafi? Wata rana da hantsi na tarar da uwarta tana ɗiga mata ruwa da ludayi a ɓoye, na buge ludayin. Da yarinyar ta rasu, a gaban mata 'yan zaman makoki na ce wa matata: "Ke kika wanke maganin." Tun daga ranar, in za ta ba yaro ruwa sai ta dube ni tukuna.

Bana jikana ya kwanta a Maradi da irin wannan ciwon ƙashi, ni na yi jinyarsa. Kullum sai an tambayi yawan fitsarinsa, a kai a kai ana ɗibar jini a yi analiz, wato gwaji. Da na ga ana ɗura mishi ruwa na ce a rage, kada magani ya wanke. Lokotoron, wato likitar, wata yarinya sa'ar jikokina, ta zaunar da ni. Ta ce wasu daga cikin magungunan nan, in aka daɗe ana sa wa yaro ta jijiya, suna iya taɓa ƙoda, ƙishirwa kuma tana ƙara ɓarnar, shi ya sa ake auna su ana lura. Ta ce in fitsari ya ragu ko jiki ya kumbura a gaya musu nan take. Ta ci gaba da bayani, ni kuwa goran da na rataye nake gani. Jikana ya warke, yana gudu. Ni ne ban dawo daidai ba.

Tanko yana nan da rai. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, 'ya'yansa suna Najeriya, dattawan majami'a suka raba mana zaman jinya, rabona ya faɗo da azahar. Matata kuwa ita ke dama mishi kunu, wai shi kaɗai ya tsaya mana a kan Rifkatu.

Ga abin da nake yi, kuma ina jin kunyar rubuta shi. In na shiga sai in ɗauke kwanon ruwan in ɗora a kan taga, inda yake gani amma ba ya kai. Ranar farko ya ɗauka wasa ne.

"Ɗan'uwa, tsufa ya sa ka manta inda bakina yake?"

Na ce: "Ka sha magani da safe, Tanko. Ruwa na wanke magani."

Ya dube ni ya ce: "Kai ka rataye goran, ba ni ba."

Da ya roƙi gafara, wataƙila da na huce. Amma wannan magana! Nakan bar shi har leɓensa ya bushe, sai na ji takun mai karɓata a jinyar in ba shi ruwan. Kullum lokacin yana ƙara tsawo, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, sanyi nake ji a raina. Ranar Lahadi a majami'a in karɓi jibin Ubangiji da hannun nan. So nake ya faɗa da bakinsa a gaban matata cewa allurarsa ce ta kashe Rifkatu. Amma in ya faɗa, ai zai faɗi nawa, kuma gaskiya zai faɗa. Matar da ta kwashe shekaru tana ɗauke da gawar da ba ita ta kashe ba, da wane ido za ta dube ni?

Jiya matata ta miƙo mini kwanon kununsa, ta ce: "Maigida, kada ka cika mishi ruwa bayan magani. Ka san abin da na yi."

Gobe da azahar ni ne a kansa. Me zan yi?