Randar Inna

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya iyali, ya jikin Hajiya? Nan Rawayau lafiya lau muke, sai dai raina a ɓace yake.

Randar da marigayiya Inna take ajiyewa a ƙofar gida don masu wucewa, tun rasuwarta nake cika ta, don ladan ya riƙa isar mata. Jiya ƙaninmu Bala ya ɗauke ta, wurin ajiye babur yake so. Wai wanda ya mutu ya gama, me ruwa zai ƙara masa!

Na ce, "Bala, jikinta muka binne, ba ruhinta ba!"

Da hannuna na mayar da ita, na cika.

Ka gaida yara. Ka sa Inna a addu'a. Bala ma ka sa shi, ya fi ta buƙata.

Ƙanwarka,
Hadiza