Kwanonka Yana Nan, Bashir

Zuwa ga ƙanena Bashir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya a can Dammam, in har kana can ɗin. Na rubuta ta inda kowa zai gani, tunda wayarka ta gaji da ni, ni ma na gaji da ita.

Ina nan Jidda a kicin ɗin nan na unguwar Bab Makka, muna dafa wa masu umara abinci. Ƙafafuna sun fara kumbura, bayana kuma ba a magana.

Akwai wata abokiyar aikina, Rosna, 'yar Sabah ce ta ƙasar Malesiya, daga ƙabilar Kadazan-Dusun. Musulma ce, har ta fi ni tsare salla. Amma in shinkafa ta zube ba ta yarda a share, sai ta durƙusa ta tsince ta tas. Na yi ta tsokanarta da cewa kaza ce ta zo aiki Jidda.

Ashe a wurin kakarta ta gada. Tsohuwar bobohizan ce, wato irin matan da ke shiga tsakanin mutanensu da iskoki. A ganinsu shinkafa tana da kurwa, kuma duk ƙwayar da ta faɗi a gona, ko tsuntsu ya ɗauke, wani yanki na kurwar ya ɓata ke nan. Bayan girbi sai tsohuwar ta yi ta rera kira, jama'a na biye da ita, har ɓatattun su dawo rumbu. Sai an gama wannan hankalin gari yake kwanciya da bikin girbi. Rosna ta ce kakarta kan ce, "Wadda ta faɗi ma tamu ce."

Na yi istigfari, don ba addininmu ba ne. Amma wallahi aikin tsohuwar nan na san shi. Ni ce mai kiran gidanmu, kuma muryata ta dushe.

Bashir, Umma ta fara mantuwa. Takan tsaya a tsakiyar ɗaki ta rasa abin da ya kawo ta. Amma kullum da azahar sai ta zuba maka shinkafa a kwanon nan mai murfi, da ƙanzo a kai, yadda kake so. Ni nake cinye ta da sanyinta in na dawo daga aiki, don ta ga kwano wayam ta ce ka zo tana barci.

Ba tsaraba muke so ba. Ko aikin ne ya lalace, ko iƙama ce, takardar izinin zamanka, ta ƙare, shi ke nan, ba mai tambayarka.

Makon jiya ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke?" Nawa sunan ya riga ya tafi. Naka ne ya rage mata, kuma ban san ko zai kai azumi ba.

Allah ya tsare ka inda kake, ya tausasa zuciyarka, ya kawo ka gida tun tana gane ka.

Yayarka,
Asma'u