Silin Ɗakin Inna

Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.
Yuni, 1999.

Zuwa ga Yaya Isyaku,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku a ruwan nan na Fatakwal da ba ya gajiya. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Maigidana Malam Inuwa ya samu sauƙin ƙafarsa, har ya koma tuƙi.

Saƙonka ya iso, kuma na san abin da kake son ji: Inna ta zauna ko ta koma ƙauye? Ka dai san tun shigowar bazara ta ɗaure kayanta. Ta ce kwanon ɗakinta gasa ta yake yi da ranta, gara soronta na ƙasa, ko da babu mai ɗebo mata ruwa. Ni kuwa hankalina ya tashi, domin jiri yana ɗibarta yanzu, in ta faɗi a can babu mai gani. Shi ya sa na dage a yi mata silin.

Ana ta cewa tunda soja sun koma bariki kaya za su sauko. To, katako da kwalin silin ba su ji labari ba. Ɗan kwangilar farko ya yanka mana kuɗi kamar sabon gida zai gina, na ba shi ruwa ya sha, na sallame shi. Sai maƙwabcinmu Malam Gideon ya kawo mana wani Lawan daga Tarauni, muka yi jinga. Ya ce sai an huda 'yan tagogi ƙarƙashin kwano don zafi ya riƙa fita. Abin da ka aiko ya sayi kaya, adashina ya biya aiki, saboda haka kada ka cika baki kai kaɗai ka yi.

Muka kai Inna wajen Gwaggo Asabe a Darmanawa har aka gama. Ranar da ta dawo, ta yi azahar ta kishingiɗa, sai la'asar muka tashe ta. Yaya, na tsaya bakin ƙofa ina jin minsharinta, daɗi kamar ya kashe ni.

Da ta farka sai ta ƙura wa sama ido. Da ƙyar ta faɗa mini cewa likkafaninta, wanda marigayi Baba ya wanko mata da zamzam, yana can bisa katakon rufi cikin leda. Tun zuwanta ta sa aka cusa mata shi, kamar yadda take soke kaya a jikin azara a gida, ba ta gaya wa kowa ba. Lawan bai gani ba, ya rufe da shi. Na ce a raina shi ke nan, ta samu dalilin tafiya.

Washegari Lawan ya zo da zarto zai yanka kwali ɗaya, yana ta ba da haƙuri. Inna ta hana shi. Ta ce kada a ɓata mata ɗaki, a bar likkafanin can ya huta, ita ba sauri take yi ba. Daga nan ta sa na kwance mata kayanta, na jera a kan gado.

Tana gaishe ka, tana sa maka albarka. A gaida Anti Jummai da su Kulu. In ka zo da sallah zan nuna maka wurin. Kwali na biyu ne daga taga, ta ce mu biyu ya kamata mu sani.

Taka ƙanwa,
Sa'adatu.