Muryar Tizhe a Cikin Kwamfuta

Mubi, Janairu 2015

Zuwa ga 'yata Dorcas,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina, musamman ƙaramin nan da ya gaji kunnuwana, Allah ya ba shi haƙuri. Yaya sanyin Jos? Mamanki tana gaishe ki. Ƙafarta ta yi sauƙi, bakinta kuwa dama bai taɓa ciwo ba.

Mun dawo unguwarmu Nassarawo. An ɓalle ƙofar shago, an kwashe injin fotokwafi, har da kujerar nan da bulo ke tallafe da ita. Amma kwamfuta ta tsira, don ranar da 'yan bindiga suka shigo gari na cusa ta cikin buhun gawayi. Mamanki ta ce duk Mubi ni kaɗai ne na ɓoye na'ura na manta takalmina. Da gaskiyarta, da silifas ɗinta na shiga Kamaru.

Game da yayanki Tizhe, babu sabon labari. Wanda ya gan shi ƙarshe ya ce a hanyar Kwaja ne, ya juya da babur zai ɗauko wata tsohuwa. Muna ta addu'a.

Amma na ji muryarsa, Dorcas. Kada ki ce Baba ya taɓu. Kin san ni da boko a aji huɗu muka yi hannun riga, shi ya sa da ya gaji da yi mini faɗa a kan filas ɗin kwastomomi, ɗan abin nan da suke adana takardu da hotuna a ciki, sai ya haɗa wani ɗan abu a kwamfutar. Da an soka filas, sai muryarsa ta fito: "Baba, tsaya! Duba ta tukuna, kar ka kwaso mana cuta." Sai ya yi dariyar nan tasa ta hanci. Na manta sam da abin. Wani ɗalibi ya kawo aiki, na soka, sai ga Tizhe a cikin shago. Na gaya wa ɗalibin hayaƙin janareta ne ya shiga idona.

Alamar antibairos ɗin da Tizhe ya sa don kare kwamfutar daga cuta, wadda take kore a da, yanzu ta koma ja. Ban damu ba. Ni ma sau ɗaya aka yi mini lamba a dantse tun ina yaro, ga ni har yau.

Ki gaida kowa. Naki, Babanki Ya'akubu.

Mubi, Maris 2015

'Yata Dorcas,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na ga saƙon maganin ƙafa, Ubangiji ya yi miki albarka.

Aiki ya buɗe, amma irin wanda ba a yi wa murna. Mutane na zuwa da memorin waya a ƙulle a bakin zane, a wanke musu hoton wani nasu da ya ɓace, su manna a tasha ko su kai coci da masallaci. Ba na korar kowa. In gaya miki gaskiya, har nemansu nake yi. Ko mutum ya zo tambayar hanya, sai in ce ko yana da filas in duba masa kyauta. Sun ɗauka babanki ya zama waliyyi. Ni kuwa ɗana nake so ya yi mini tsawa. Ya ce in duba, in danna jar alamar, ta rubuto Turanci mai tsawo, in ce mata na gode, in ci gaba.

Kwamfutar ta fara nauyi kamar ni bayan tuwo, ban kula ba. Sai Hamsatu ta zo, mai ƙosan bakin layinmu, matar marigayi Sajo da aka kashe a gonarsa a Duvu. Hotunansa duka suna cikin memori ɗaya. Tana so a wanke mata guda saboda autarta, wadda ta fara tambaya yaya fuskar babanta take. Na soka, Tizhe ya yi gargaɗinsa, na ga hotunan da idona. Kafin firinta ta gama tari, babu ko ɗaya. Muka mayar cikin wayarta, wayam.

Da ta zage ni da na ji daɗi. Sai ta ƙulle memorin a bakin zanenta, ta tambaya ko ta dawo gobe, wataƙila na'urar ce ta gaji. Na ce ta dawo. Kullum da safe tana leƙowa, kullum ina cewa gobe. Na rasa wasan da zan yi mata, ni da ko a gidan makoki sai an ce in yi shiru.

Ki sa ni a addu'a. Babanki.

Mubi, Afrilu 2015

Dorcas 'yata,

Ina fatan kun yi Ista lafiya. Mu ma mun yi, kaza ɗaya ce ta yi shahada.

Na kira Zira, abokin Tizhe da suka yi karatun kwamfuta tare. Ya ce antibairos ba lamba ba ce. Shekara guda take yi, kuma sai ana sabunta ta, don cututtukan ma kullum haihuwa suke. Tamu ta mutu muna Kamaru. Duk Turancin da nake yi wa godiya, cewa take ba ta aiki. Ya sa sabuwa, ya kuma kafa mini doka: ba a soka komai sai an duba, kuma in alama ta yi ja in rufe shago in neme shi.

Ya ceto hotunan Sajo biyu. Hamsatu ta riƙe takardar da hannu biyu, ta manta ƙosanta a wuta.

Ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Bairos ɗin da ya cinye hotunan ya shiga cikin abin da Tizhe ya haɗa, a can ya yi sheƙa. Duk lokacin da ɗana ya buɗe baki yana cewa kar in kwaso cuta, shi ke zuba ta a memorin bayin Allah. Na roƙi Zira mu ɗauki muryar a waya tukuna, kafin ya taɓa abin. Ya yarda sau ɗaya. Da muka saurara, janareta ne kawai, sai tarina. Kin ji gadon da zan bar muku.

Sabuwar antibairos ba ta iya warkar da abin na Tizhe ba. Zira ya ce zaɓi biyu ne, a goge ko a killace. Ya kasa kallona da yake faɗa. Na ce a killace.

To, yana nan a ciki, a kulle. Ina ganin sunansa a wani ɗan akwati, da maɓallin saki a gefe. In na danna zai yi magana, cutar kuma ta dawo kan hotunan mutane. Yanzu ina soka filas, alama kore, shago shiru. Mamanki ta daina kawo mini abincin rana da kanta. Ashe ba don ni take zuwa ba.

Kin ce za ki zo da yara a hutu su ji kawunsu. Ku zo, ɗaki na nan. Amma in kin shigo shagon, Dorcas, kada ki roƙe ni in danna, don zan danna.

Ubangiji ya tsare ku. Ni ne babanki mai ƙaunarki,
Ya'akubu