Juma'ar da ka ɓoye wa Habibu

Assalamu alaikum, Isufu ƙanena. Ina gaishe ka da aiki, da sanyin ƙasar da kake. Ka yi haƙuri da na dame ka, kuma a inda jama'a za su karanta. Na yi ta kiran wayarka ba ka ɗauka, amma na ga saƙon ɗana Habibu ba ya kwana ba ka amsa ba.

Maganar tasa ce. Ranar Lahadi da ta wuce ya faɗi da kekensa na tsere a gudron ɗin Saga, kan titin kwalta. Ba mota ta taɓa shi ba, ƙafafunsa ne suka ƙi. Masu aikin shinkafa suka kawo mini shi. Madam Rahila, maƙwabciyarmu mai aikin asibiti, ta auna shi, ta ce ko yana kwance zuciyarsa gudu take, jikin ya gaji, ya ajiye keke sai ya murmure. Ya ce mata ai kawunsa bai taɓa hutawa ba.

Na saurari saƙon muryarka da kunnena. Kai ka ce masa ranar da ya huta, wani yana can yana wuce shi.

Isufu, a gabana ka yi zamanin tserenka. Duk Juma'a kekenka a jingine yake a zauren gidanmu na Zongo. Kana kan tabarma, ƙafafu a jikin bango, ni ce mai murza maka ƙwauri da man kaɗe har yatsuna su yi tsami. In ka dawo daga babban tsere, Inna hana daka take yi a gidan don kar a tashe ka. Da na yi maka tsiyar lalaci, cewa ka yi, "Yaya, ƙarfi a kwance yake shiga."

Ina wannan a cikin labarin da kake ba yaron? Ina kiyaye bakina, ba zan kira ka maƙaryaci ba. Amma ka ba shi rabi ka riƙe rabi don ya ɗauke ka ƙarfe, kuma raina ya ɓaci ƙwarai. Jikinsa amana ne, ba wurin gyara sunanka ba.

Na sa wa keken kwaɗo, ya je ya aro wani. Akwai tsere ranar Lahadi mai zuwa, ya ce sai ya shiga. Ba ya jin tawa, ba ya jin ta Madam Rahila. Taka kaɗai yake ji.

Ni na goya ka, Isufu, na san ba mugunta gare ka ba. In yana barci kamarku ɗaya. Ka gaya masa labarin tabarmar nan da bakinka.

Allah ya ba shi lafiya, ya tsare mini kai inda kake, ya jiƙan Inna.

Yayarka Hadiza, daga Banifandu.

Ka amsa mini da wuri, kafin Lahadi.