Mabuɗi Ga Mai Almakashi

Litinin, 3 ga Maris
Mai Almakashi ya sake yi. Sunan da na laƙaba wa mutumin da ke naɗe laburaren manhajata, wato tarin umarnin kwamfuta da na rubuta, a ƙunshi ke nan, don jama'a su sauke. Na cusa kwafin wani ƙaramin laburaren hotuna a cikin nawa, saboda shi na gwada na yarda da shi. Shi kuwa ya datse, ya jona ni da na gama-gari wanda kowace manhaja ke aro. Wai in an sami ɓaraka a toshe wuri ɗaya kowa ya huta. To in abu ya lalace, ƙofar wa ake bugawa? Tawa.

Alhamis, 6 ga Maris
Akwatin saƙona ya cika da ƙorafi, duk a kan yankansa. Na aika masa mai zafi. Amsarsa: "Yallaɓai, turo mini su, aikina ne." Mutum ko fushi bai iya ba, abin haushi.

Talata, 11 ga Maris
Likita ta ɗaure mini wuyan hannun dama, ta ce ba bugun rubutu sai ta ba da izini. Mabuɗin shiga a yi gyara a laburaren nan ni kaɗai ke da shi. Gaskiya na tsorata.

Asabar, 15 ga Maris
Maman yara ta ajiye shayi gefen kwamfuta. "Abokin faɗan naka bai rubuto ba ne? Tun safe kake leƙe." Na ce ƙura nake gogewa.

Laraba, 19 ga Maris
An gano ɓaraka a laburaren hotunan. Masu amfani da ƙunshinsa gyara ɗaya ya wadace su. Kwafin da na cusa kuwa yana nan da raminsa, ga hannu a ɗaure. Mai Almakashi ya turo facin da zai toshe ramin, babu ko "ai na faɗa maka". Har salon rubutuna ya bi, da faɗin tazarar farkon layin nan da ya sha cewa tana sa shi ciwon ido. A ƙasa ya ƙara: "Yaya, a bar hannun ya huta."

Yaushe na tashi daga Yallaɓai?

Lahadi, 23 ga Maris
Da yatsa ɗaya na hagu na ba shi mabuɗi. Na ɗan lokaci ne, na jaddada masa. Har yanzu ina ganin almakashinsa ya cika kaifi, kuma zai ji daga bakina in na warke.

Ya kira yana tambayar ko ya cire kwafin gaba ɗaya. Na ce ya yi yadda ya gani, ai laburarenmu ne.

Maman yara na bakin ƙofa da tsintsiya. "Naku?" in ji ta.

Na ce ta rufe mini ƙofa.