Bishiyar Zulma da Mujiyar Cikinta

Litinin, 6 ga Oktoba

Wannes ya zo da safe, ko tarakta bai kashe ba. Ɗan ƙanena marigayi ne, shi ke noma gonar yanzu, ni kuwa ina nan a ɗan gidan baya ina kallo. Ya ce da an gama girbin masara, bayan ranar ziyarar kaburbura, zai sare bishiyar wilga, itacen nan mai son ruwa, ta ƙarshen layin da ke bakin magudanar ruwa. Wai ta karkato kan hanya, cikinta duk kogo ne, wata rana a kansa za ta faɗo.

Na ce ai ta Zulma ce.

Ya ce, "Wace Zulma kuma, Baffa?"

Ka ji fa. To bari in rubuta, tunda ba wanda ya rage da ya sani. Duk haihuwar da aka yi wa babanmu, sai ya yanki reshen wilga ya kafa a bakin ruwa, da sunan jaririn. Tawa tana nan, ta uban Wannes tana nan. Ta ƙarshen ta ƙanwarmu ce Zulma, wadda ciwon maƙogwaro ya ɗauke tun ba ta isa makaranta ba. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. Kabarinta ma an kwashe da wa'adinsa ya cika, an sa wani. Bishiyar nan kaɗai ta rage, sai ni.

Ban faɗa masa duk wannan ba. Cewa na yi akwai mujiya a cikin kogon. Ya yi dariya. "Mujiyar da ta tashi tun ina ɗan makaranta? Ba ga kyamara 'yarka Lutgart ta saya maka ba? Kawo min hotonta a bakin kogon, in bar maka itacenka."

Na ce ba ni hannu. Ya ba ni. Shi wasa yake. Ni ba wasa nake ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na fita tun raɓa ba ta bushe ba. Saƙar gizo-gizo ta rufe shinge gaba ɗaya, kowane zare da ɗigon ruwa. A ƙarƙashin bishiyar fiya rina sun taru kan ruɓaɓɓun 'ya'ya sun sha sun bugu, ga malam-buɗe-littafi baƙi mai jan ɗamara yana ta ture su. Na ɗauki hoto, na ƙara ɗauka.

Da na dawo na sa tabarau na duba. Duk sun yi dishi-dishi, kamar an shafa musu man shanu. Kyamarar ce. 'Yata Lutgart ba ta san kaya ba, abin da mai kanti ya miƙo mata shi take karɓa.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mujiyar tana nan. Na ji ta da yamma, wannan ɗan kukan nata mai kama da na kyanwa. Ban gan ta ba.

Talata, 14 ga Oktoba

A gindin bishiyar na tsinci dunƙulen amanta guda biyu, masu ƙyalli da fukafukan buzuzu. Na naɗe a hankici na kai wa Wannes a rumbu. Ya leƙa ya ce, "Baffa, hoto muka yi da kai, ba kashi ba." Na ce amai ne, ɗan manomi bai san amai da kashi ba. Ya ce ko ma mene ne in fitar masa da shi.

Na tsaya na dubi bishiyar sosai yau. Gaskiya kanta ya yi nauyi. Wilga aski take so duk bayan 'yan shekaru, a datse rassan har ƙasa ta sake tofo. In aka bar ta, rassan su yi kauri kamar cinya, iska ta kama su ta tsaga gangar jikin biyu. Ni nake mata askin tun ina saurayi, da tsani da adda. Rabona da hawa tsanin ya daɗe. Ban yarda kowa ya hau ba, don yaran yanzu da zarton inji suke zuwa, su yanka a shimfiɗe, ruwan sama ya kwanta a wurin ya ruɓar da ita. Kullum cewa nake baɗi zan hau.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Irma ta same ni a bakin ruwa. Maƙwabciyata ce, mijinta ya rasu, bakinta bai rasu ba. Ta zo tana tura keken nan na tsofaffi mai ƙafa huɗu da kwando, ta cika kwandon da gyaɗar kurmi da ta tsinto.

"Achiel, rawa kake ko hoto?"

Na ce sanyi ne.

"Sanyi a hannun dama kaɗai? Ina naka keken? Na ga ranar da Lutgart ta kawo maka shi, har da jan fenti."

Na ce kaji na kwana a kai, kuma sun fi ni bukata. Ta ce kajin sun fi ni hankali. Ta ba ni gyaɗa biyu ta wuce tana ƙiiƙii da ƙafafun kekenta.

Ba zan tura abin nan a gaban mutane ba. Ni da na yi shekaru ina bin doki da garma.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na gan ta.

Bayan an tashi daga coci na bi ta bayan gonar masara, rana ta ɗan fito, sai ga ta a bakin kogo ta kumbura fukafukai tana shan hantsi. Ƙarama, ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, ga idon nan rawaya, ga girar nan ta masu fushi. Ta dube ni kamar na ci mata bashi. Na ɗaga kyamara a hankali, na jawo ta kusa. Cikin gilashin sai bishiya ta shiga tsalle, sama, ƙasa, sama. Na riƙe numfashi. Na danna. Ta yi ɗan ruku'u sau biyu ta koma ciki.

Abin da ya fito: wani toka-toka a kan wani baƙi-baƙi. Ko ni ba zan rantse mujiya ce ba.

Ban iya cin abincin rana ba. Na zuba wa kaji dankalin.

Litinin, 20 ga Oktoba

Ba kyamarar ba ce. Na aza ta a kan tebur na ɗauki butar kofi, ta fito tas, har tsagar da ke jikin hannunta.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Iska tun asuba, daga wajen teku. Rediyo ya ce kowa ya zauna a gida. Na zauna a bakin taga, daga nan ana hango kawunan bishiyoyin uku. Tawa da ta ɗan'uwana suna kaɗawa kawai. Ta Zulma kuwa sunkuyawa take, ta ɗago, ta sake sunkuyawa, rassan nan manya suna jan ta kamar masu kokawa. Duk ƙarar da na ji sai in miƙe in leƙa.

Lutgart ta bugo waya daga birni. "Baba, kada ka fita." Na ce wa ya ce zan fita. Ta ce ta san ni. Ta tambayi hotuna, wai in aiko mata ta gani. Na ce ban iya aikawa ba. Wannan kam gaskiya ce.

Zulma tana da wata 'yar tsana ta ɓawon masara, ita ta sa mata suna Madam. Tana tsoron agwagi. In ta yi dariya sai ta rufe baki da hannu biyu. Iyakar abin da nake da shi ke nan. Yau na yi ta neman muryarta, ban samu ba.

Juma'a, 24 ga Oktoba

Tana tsaye. Amma reshe ɗaya ya karye ya tare hanya, kuma ya tafi da ɓawo, ga tsaga ta sauko har wajen ƙirjina. Na sa hannu a ciki, ya shige.

Wannes ya ja reshen da tarakta. Bai yi dariya ba yau. Ya ce, "Ka gani ko, Baffa? Da yarana ne ke wucewa fa?" Ya ce maganarmu tana nan yadda take, shi ba ya magana biyu, amma ranar Talata ta bayan ziyara zai zo da zarto.

Ko mujiyar ta gudu ma. Wa zai zauna a ɗakin da bangonsa ya tsage.

Talata, 28 ga Oktoba

Na gwada jingina da turken shinge, ya yi nisa, kuma kogon yana ɗaya gefen. Na gwada ɗora kyamara a kan sanda, sandar ma rawa take. Na gwada zama a ƙasa in kafa gwiwa. Zaman ya yiwu, tashin ne ya gagara. Na yi ta rarrafe cikin laka har na kama waya mai ƙaya. Zalɓe yana tsaye a cikin ruwa yana kallona, bai ko motsa ba.

Ba wanda ya gani. Ina jin ba wanda ya gani.

Dinya suna ta wucewa sama, layi-layi, suna surutu. Da can sai in ƙirga su. Yau ban ɗaga kai ba.

Laraba, 29 ga Oktoba

Irma ta gani. Ta aiko min da miyar albasa a kwano, ba ta ce komai ba, abin da ya fi zagi ciwo.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ranar ziyara. Lutgart ta zo da mota, mun kai fararen furanni kabarin uwarta, mun wanke dutsen. Maƙabarta ta cika, kowa da tukunyar furensa, ana gaisawa ana duba na wa ya fi girma. Na sa ta sayi tukunya biyu. Ta ce ɗayar ta wa? Na ce ki kai ni bakin ruwa.

Na ajiye a gindin bishiyar. Na ba ta labarin, da Madam da agwagi da komai. Ta ce, "Baba, shekaruna hamsin da wani abu, ba ka taɓa ce min ina da gwaggo ba." Na ce ba ki tambaya ba. Ta ce ta ina zan san in tambaya.

A gida ta soya mana fanke kamar yadda uwarta ke yi a wannan rana. Ta ga yadda kofi ke zuba a faranti in na ɗaga. Ta kawar da kai, ni ma na kawar.

Ta ce ita za ta ɗauki hoton. Mun koma mun tsaya har sanyi ya shige mu, mujiya ba ta fito ba. Ba ta san jar rigar Lutgart ba. Ni kaɗai ta saba da shi.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Gobe ne.

Da hantsi na shiga akurki. Na kori kaji, na kankare kashin da wuƙa, na wanke keken nan da ruwan zafi. Ba don komai ba, na tuna Irma in ta danne wani ƙarfe a hannun kekenta, yakan tsaya cak. Na bi ta bayan rumbu don kada in wuce ƙofarta.

Na tsayar da shi nesa kaɗan da bishiyar, na danne ƙarfen. Akwai ɗan wurin zama. Na zauna, na juya, na ɗora kyamara a kan sandar da ke tsakanin hannayen, na dafa ta da hagu. Cikin gilashi bishiya ta tsaya shiru, har gansakukar da ke jikinta ina gani.

Na daɗe. Wani ɗan tsuntsu mai jan ƙirji ya sauka a kan kwando. Rana ta karkata ta haska bakin kogon. Na riga na fara cewa a raina, Zulma, na yi iyakar yina.

Sai ga girar nan.

Ta fito duka, ta tsaya a daidai saman tsagar, ta harare ni. Na danna da ɗan yatsan hagu.

Ana iya ƙirga ɗigon farin da ke kanta.

Talata, 4 ga Nuwamba

Wannes ya zo da zarto a bayan tarakta. Na miƙa masa kyamara. Ya duba, ya dubi bishiya, ya sake dubawa. Ya ce, "Kai, wannan ai da kai take kama, Baffa. Dubi fuskar."

Ya ce magana magana ce, ba zai sare ba. Amma a haka ba za ta kai bazara ba, sai an yi mata aski, kuma ni ba zan hau tsani ba ko da zan mutu da haushi. Na ce da zarton inji ba. Ya ce da zarton inji. Na ce to a karkace za ka yanka, ruwa ya zurare, ka bar ɗan dungu kamar faɗin hannu, kuma ka fara ta ɓangaren hanya. Ya ce, "To, shugaba."

Ban ce na yarda ba. Ban dai hana ba.

Asabar, 15 ga Nuwamba

An yi. Ya yanka biyu a shimfiɗe, na sa ya gyara. Sauran ba laifi. Ta koma gundul kamar kan jariri, ta miƙe kaɗan, ko idona ne. Ya ɗaure tsagar da ɗamarar ƙarfe. Yana saman tsani ya leƙo ya ce, "Yaya ma sunanta?" Na faɗa. Ya maimaita. Da ya sauko ya zaɓi reshe miƙaƙƙe, irin na kafawa, ya ajiye gefe, bai ce na mene ne ba, ni ma ban tambaya ba.

Mujiya ta yi ƙaura zuwa tawa bishiyar saboda ƙara. Za ta dawo. In ma ba ta dawo ba, duk gida ne.

Na komo ta babbar hanya, ta bayan rumbu laka ta yi yawa. Irma tana ƙofa. Ta dubi keken, ta dube ni, ta buɗe baki. Na ce na kyamara ne. Ta ce, "Ai na sani. Gobe in kyamarar za ta fita yawo, ta biyo ta nan mu tafi tare."

Ƙafar keken ta hagu ta baya tana ƙara. Zan sa mata mai.